Kunkuru: Yadda Wasu Iyali a Bradford Suka Tayar da Tsohon Ɗakin Tafi-da-Gidanka

Hancina ne ya fara ba ni labari. Ranar da mutumina ya kira ni in zo in taya shi ganin abin da ya sayo, ina zura kai ta ƙofar sai na ji warin da kowa ya sani in ya taɓa buɗe ɗakin da aka garƙame tun faɗuwar damina: rima da fumfuna, an bi su da turaren fesawa don a rufa musu asiri. Shi kuwa yana bayana baki har kunne, yana nuna mini kujerun da ake shimfiɗewa su koma gado, da ɗan murhun gas, da firjin da tsayinsa bai wuce gwiwa ba. Na yi masa Allah ya sa alheri, na ja bakina na yi shiru. Shirun nan nawa ya jawo wa gidan asarar aikin mako shida, kuma yana cikin abin da ya sa na zauna rubuta yadda lamarin ya gudana.

Turawan Ingila karaban suke ce masa. Kalmar daga Farisanci suka aro ta, asalin ma'anarta ayari, irin na fatake, amma yau a bakinsu ɗaki ne a kan tayoyi da ake ƙulla wa mota a baya a tafi hutu da shi. Mu da muka laƙaba wa waya da kotu sunan tafi-da-gidanka, ban ga abin da ya fi wannan cancantar sunan ba. Autar gidan ce ta sa masa Kunkuru, kuma sunan ya bi shi.

Al'adar ta tsufa a ƙasar. A 1885 wani likita, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa irin wannan ɗaki a Bristol don yawon shaƙatawa, dawakai ke jansa. Zuwa 1907 masu sha'awar abin har sun kafa ƙungiya. Harkar masu hannu da shuni ce a lokacin. Bayan yaƙin duniya na biyu ne Sam Alper ya fito da samfurin Sprite, mara nauyi, mai sauƙin kuɗi, wanda ƙaramar motar ma'aikaci za ta iya ja, daga nan abin ya sauko hannun talaka. Har yanzu ana ƙera su da yawa a kewayen Hull, a gabashin Yorkshire, inda kamfanin Swift yake, da kuma Bristol inda Bailey yake. Shi ya sa tsofaffinsu suka cika gonaki da bayan gidaje a arewacin Ingila, ana neman kai da su.

Abin da ya kai su

Maigidan ma'aikacin jinya ne, mutumin Zariya. Uwargidan tana ɗinki a gida. 'Ya'yansu uku: budurwa 'yar sakandare, yaro da ke binta, sai auta. Matsalarsu ita ce ta duk iyalinmu da ke zaune a can. Makarantu kan yi dogon hutu na kimanin mako shida daga ƙarshen Yuli, daidai lokacin da kuɗin jirgi da na masauki ke tashin gwauron zabi. Tikitin mutum biyar zuwa gida ba abin da ake yi duk shekara ba ne. Ɗauke yara a tafi kafin a ba da hutu kuma akwai tara: tun watan Agustan 2024 fam 80 ne a kan kowane mahaifi, a kan kowane yaro, in an biya cikin kwana 21, in an wuce ta koma 160. To sai yara su ƙare hutun a gaban talabijin, 'yan ajinsu na dawowa da labarin bakin teku.

Uwargidan ma tana da nata lissafin. Duk inda suka taɓa zuwa, neman abincin halal ne ke cinye rabin ranarsu da rabin kuɗinsu. Ɗakin da ke da murhunsa, da famfon alwala, da banɗakinsa, wanda za ta ɗora tukunyarta ta dafa abin da ta ga dama, ya kwanta mata a rai. Saboda haka ba za a ce maigida ne kaɗai ya jawo ba. Kowa ya sa baki.

Saye da dawowa

A intanet ya ga tallan, a watan Oktoba. Wannan zaɓin lokaci daidai ne: kakar hutu ta ƙare, masu shi ba sa son biyan kuɗin ajiyar hunturu, farashi kan sauko. Sauran abin da ya yi a ranar kuwa kusan duk kuskure ne. Ya tashi daga aiki ya nufi wata gona a ɓangaren Lancashire, ya isa rana na faɗuwa, ya duba ɗakin da fitilar waya. Bai je da na'urar auna danshi ba, bai ma san akwai ta ba. Bai leƙa ƙarƙashi ba. Bai duba lambar shaida ba, alhali tun 1992 irin waɗannan ɗakuna da ake ƙerawa a Birtaniya suna ɗauke da lamba mai harafi da alƙalami 17 a jikin shasi da tagogi, wadda ake bincika a gano ko na sata ne ko akwai bashi a kansa. Wannan ɗin ƙirar shekarun 1990 ne, kuma da aka bincika daga baya lambar ta fito tsaf. Sa'a ce ta yi masa aiki a nan.

Mai sayarwar ya ce akwai wasu da ke kan hanya da kuɗi a hannu. Tsohuwar dabara, amma tana ci har gobe.

Hanyar dawowa ita ce M62, wadda ke haye tsaunukan Pennine, kuma a kanta ne babbar hanya ta fi tudu a duk Ingila, mita 372. Wurin ba ya rabo da iska. Wata babbar mota ta wuce shi, Kunkuru ya soma kaɗa wutsiya dama da hagu yana jan motar. Mutumina ya taka birki da ƙarfi, abin ya ƙara tsananta, sai da ya kusa taɓa shingen gefe kafin ya lafa. Abin da ake yi a irin wannan hali shi ne a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe, a bar gudun ya ragu da kansa. Doka ma ta ƙayyade wa mai ja mil 60 a sa'a a babbar hanya, mil 50 a hanya mai falle ɗaya, kuma ba shi da izinin shiga layin dama na ƙarshe in layi uku ne. Duk wannan daga baya ya sani. Allah dai ya tsare.

Ado kafin gini

Mako shida na farko sun tafi a kan abin da ido ke gani. Uwargida ta cire tsofaffin labulen nan masu ruwan ƙasa ta ɗinka sababbi da atamfa, ta yi wa kowane matashi riga. Babbar 'yar ta goge ƙofofin kabad ta yi musu farin fenti hannu uku. Yaron ya wanke bayan ɗakin har yana ƙyalli. Gaskiya ya yi kyau, hotunan da suka tura gida sai sam barka ake yi. Na gani na yaba, ban kuma tuna musu da warin nan ba, don na ɗauka da wanki da iska zai fita.

A watan Disamba, bayan an kwana uku ana ruwa, yarinyar ta dafa bango a ƙarƙashin tagar gaba za ta miƙe, sai babban yatsanta ya nutse. Ta kira mahaifinta. Ya sa wuƙa ya ɗan ɓamɓare wurin don ya ga iyakar ɓarnar, allura ta tono garma. Katakon da ke bayan bangon ya yi baƙi ƙirin, in ka murza shi sai ya marmashe kamar jiƙaƙƙiyar dusa.

Sai mutum ya san yadda ake ƙera waɗannan ɗakuna na wancan zamani zai gane dalilin. Bangon bai kai faɗin yatsu biyu ba. Daga waje falle ne na alminiyom, daga ciki filawud siriri mai kaurin milimita 3, tsakaninsu kuma ƙwarangwal na katako mara nauyi da aka cike ramukansa da farin soson nan da ake kare talabijin da shi a cikin kwali. Duk inda rufi ya haɗu da bango, ko taga ta zauna, an ɗora dogon ƙarfe a kan gaɓar, an shimfiɗa masa danƙo a ƙasa, an ɗaure da sukuru. Kowane sukuru rami ne da aka huda daga waje zuwa cikin katako. Muddin danƙon na da laushi ba matsala. Amma ɗakin yana girgiza a hanya, zafi ya buɗa shi sanyi ya tsuke shi, shekaru na tafiya danƙon na bushewa yana tsagewa. Ruwa ya bi sukuru ya shiga, ba shi kuma da hanyar fita, don alminiyom ba ya numfashi, filawud ɗin ciki ma fuskarsa leda ce. Haka zai yi shekaru yana cin katako, daga waje ɗakin na sheƙi. Masu ƙirar da kansu sun san ciwon, shi ya sa a 2009 Bailey ya fito da wata sabuwar hanyar haɗa jiki da ta rage katako da yawan ramukan sukuru.

A nan ne na sayo na'urar auna danshi na kai musu, ramuwar shiruna. 'Yar aba ce kamar wayar hannu, da allura biyu a kai. Masu sana'ar suna karanta ta haka: ƙasa da kashi 15 cikin 100 lafiya lau, daga 15 zuwa 20 a sa ido, sama da 20 akwai alamar ruwa na shiga, in ta kai 30 katako ya riga ya fara tafiya. Yaron ne ya karɓi wannan aiki, kuma shi ne abu mafi amfani da aka yi a duk tsawon gyaran. Ya zana kowane bango a takarda, ya riƙa auna duk taƙi ɗaya yana rubuta lamba. Da ya gama sai ga taswira: kusurwar gaba ta hagu ta ruɓe daga taga har ƙasa, layin da ke bin ƙarfen rumfa, wato dogon ƙarfen gefen rufi da ake zura rumfar yadi a cikinsa, ya jiƙe tsawon kamu uku, sai wani ɗan wuri a saman taya. Sauran ɗakin a bushe yake.

Zaman da aka yi a falo

Ina wurin aka yi maganar, an kuma ba ni izinin faɗa. Uwargida ta ce a sayar, a huta. Hujjarta mai ƙarfi ce: kuɗin da aka ware na gyara sun riga sun tafi a fenti da yadi, ga kuɗin ajiya na tafiya duk wata, don gidansu irin jerin gidajen nan ne na Bradford da ba su da filin ajiye mota balle ɗaki. Wannan kuɗin ajiya ba wanda ya sa shi a lissafi tun farko.

Maigidan ya yi shiru, can ya ce, “To in sayar wa wa? In fesa turare ni ma?”

Nan maganar ta tsaya. Dukansu sun san ɓoye aibin haja haramun ne, kuma in aka bayyana aibin ba mai ba da ko rabin abin da aka biya. Kai shi gareji kuma kuɗin aikin hannu kaɗai ya fi darajar ɗakin gaba ɗaya. Saura su gyara da kansu, ko su sayar wa masu ɓalle kayan gyara a kan asara.

Abin da ya raba gardamar a ƙarƙashin ɗakin yake. Muka shimfiɗa kwali muka shiga da tocila. Shasin irin wanda aka yi wa wankan tutiya ne, ba tsatsa, ba lanƙwasa, ba alamar walda. Katakon daɓen ma daga ƙasa ƙalau yake, ban da kusurwa ɗaya. A ganina nan ne ma'aunin duk irin wannan ciniki. In shasi da daɓe na da lafiya, abin da ya rage aikin kafinta ne, mai haƙuri zai iya koyonsa. In su ne suka lalace, a haƙura tun kafin a ƙara zuba kuɗi.

Uwargida ta yarda, amma da sharaɗi biyu. Ba za a ci bashi ba, abin da aka iya warewa a wata shi za a kashe. Kuma ita ce mai riƙe littafin kuɗi.

Aikin

Hunturu ya hana komai. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu a can, kuma danƙo da gam ba sa kama jiƙaƙƙen wuri mai sanyi. Suka lulluɓe ɗakin da irin mayafin da iska ke ratsawa, don tamfol na roba gumi yake tarawa ya ƙara ɓarna, suka kwashe katifu zuwa gida, suka jira Afrilu.

Tsarin da suka bi a wannan karo shi ne wanda ya kamata tun farko: a toshe ruwa daga waje, a busar, a sauya katako, ado ya zo ƙarshe.

Cire ƙarfen rumfa ya ci Asabar biyu. Yawancin sukurun sun yi tsatsa, kansu ya cinye, wasu sai da aka huda su da injin. Da ƙarfen ya fita muka ga aikin wani mai shi na baya: ya bi gefen da silikon na banɗaki ya lafta. Wannan shi ne maganin da kowa ke fara kai wa hannu, kuma cuta ne. Ba ya riƙe alminiyom da daɗewa, yakan ɗago kaɗan ruwa ya shiga ta sama ya rasa mafita ta ƙasa, ga shi in ya taɓa wuri sabon danƙo ba ya kamawa sai an kankare shi tas. Autar gidan ce ta zauna da tsumma da ɗan katin roba tana kankara, tana waƙa. Bayan wurin ya fita fes aka shimfiɗa danƙon da ba ya bushewa, aka mayar da ƙarfen da sababbin sukuru marasa tsatsa, kowanne an tsoma bakinsa a danƙo kafin a ɗaure.

Ciki ya fi ciwo. Don a kai ga bangon dole kabad ɗin da yarinyar ta yi wa fenti su fito, biyu daga ciki kuma suka tsage wurin cirewa. Ta yi kwana biyu ba ta leƙo wurin ba. Da ta dawo kuwa ita ta karɓi aikin ɗaukar hoton kowane abu kafin a kwance shi, da zuba sukurun kowane kabad a ledarsa da suna, abin da ya cece mu ranar mayarwa.

Aka yanke filawud ana bin ruɓar har aka kai lafiyayyen katako, aka ƙara taƙi ɗaya don a tabbata. Aka kwashe baƙin katakon da jiƙaƙƙen soso, aka bar fatar alminiyom tsirara, siririya har tana rawa in iska ta kaɗa. Injin tsotse danshi da aka aro ya yi mako biyu yana aiki, yaron na aunawa duk yamma har lambobin suka sauko ƙasa da 15. Sannan aka yanko sababbin sanduna daidai kaurin na da, aka manna su da gam a jikin alminiyom, aka tokare su da falankai daga ɗaya bangon har suka kama.

Kurakurai biyu aka yi a nan, ina kuma da hannu a ɗaya. Gam na farko da muka sayo irin mai ƙarfin warin nan ne, muna shafa shi a farin soso sai soson ya narke a gabanmu kamar an zuba masa fetur. Sai an nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba ya cin soso. Na biyun, maigida ya ɗauki sukurun da ya ɗara kaurin bangon tsawo, ya ɗaura, bakinsa ya leƙo waje. Mutum ya yi wata yana toshe ramuka, sai ga shi ya huda sabo da hannunsa. Uwargida ba ta ce komai ba, ta dai rubuta kuɗin faci a littafi.

Daɓen bakin ƙofa yana lotsawa in an taka. Shi ma hawa uku ne, filawud sama da ƙasa, soso a tsakiya, kuma yawan taku ya sa na saman ya rabu da soson. Gyaransa ya fi kowanne daɗi. Aka ɗaga leda, aka huda ramuka jeri-jeri, an naɗa tef a bakin injin hudar don kada ya zarce ya fasa fallen ƙasa. Aka ɗura gam mai haɗi biyu da sirinji, aka cusa 'yan sanduna masu kaurin fensir a kowane rami, aka ɗora nauyi ya kwana. Nauyin kuwa buhun shinkafa ne da jarkokin ruwa da akwatin littattafan maigida. Washegari aka taka, tamkar siminti.

Inda aka biya masani

Akwai wani abu a dokar ƙasar da ke ruɗin sabon shiga. Mota in ta shekara uku dole a kai ta gwajin lafiya duk shekara, amma irin wannan ɗaki ba a yi masa wannan gwaji. Ba wanda zai tilasta ka duba birkinsa ko gas ɗinsa, sai dai in abu ya faru a hanya alhakin na kanka. Maigidan ya so ya ƙarasa komai da hannunsa, uwargida ta ƙi. Ta ce, “Abban yara, katako in ka ɓata a sake. Gas fa?” Aka kira irin masu gyaran nan da ke zuwa har wurin ajiya da motarsu.

Tayoyi ya fara dubawa. Zanensu bai ko soma cinyewa ba, shi ya sa muka ɗauka lafiyarsu ƙalau. Ya nuna mana lamba huɗu da ke gefen kowace taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga 2309, makon 23 ke nan na 2009. Waɗannan sun haura shekara goma. Tayar irin wannan ɗaki tsufa ke kashe ta tana tsaye wuri ɗaya a rana da sanyi, kuma ƙungiyoyin masu harkar suna ba da shawarar a sauya a shekara biyar, kada a wuce bakwai ko da ba ta yi tafiya ba. A kan waɗannan ne mutumina ya hayo M62.

Birkin ɗakin ba waya ko mai ke haɗa shi da mota ba. In mota ta rage gudu ɗakin kan tunkuɗo ƙugiyarsa ta gaba, ita kuma ta ja sandar da ke matse birkin. A gefe ɗaya fatar birkin ta saki, saboda an bar shi da birkin hannu a ɗaure shekara da shekaru. Aka sauya, aka duba boris, aka sa sabon noti, don irin notin da ba a ɗaure shi sau biyu ne. Siririyar igiyar ƙarfen da ke jan birki in ɗakin ya ɓalle daga mota ita ma ta tsinke, an ɗaure ta da waya.

Da ya shiga ciki ya durƙusa gaban murhu, sai ya ɗago ya tambayi wanda ya toshe ramukan daɓe. Maigidan ne, da hannunsa, don sanyi da ɓeraye. Ashe da gangan aka bar ramukan: gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, ta nan ne zai zurare waje. Aka buɗe su, aka sa musu raga. Tiyon gas ya ƙage, aka sauya. Wutar da ke kunna firjin ja take bayarwa maimakon shuɗiya, alamar ba ta cin gas ɗin da kyau, kuma irin wannan ce ke fitar da iskar nan mara wari da ke kashe mutum a barci. Ba sai an yi wa ɗan Najeriya dogon bayani ba, duk mun san gidajen da hayaƙin janareta ya kwashe a dare ɗaya. A ranar aka kafa ƙararrawar gano wannan iska da ta hayaƙi. Ya kuma ba su shawarar jar tukunyar gas maimakon shuɗiya in za su fita da sanyi, don gas ɗin shuɗiyar yakan ƙi tashi in yanayi ya kusa daskarar da ruwa.

Wutar ɗakin iri biyu ce: ta batir mai bolt 12, wadda maigida da yaron suka gyara da kansu suka sa ƙwayaye masu tsimin wuta, da ta bolt 230 da ake jonawa a wurin kwana. Wannan ta biyun masanin aka bar wa.

Nauyi

Lasin bai zama matsala ba, don tun 16 ga Disamban 2021 mai lasin ƙaramar mota a Ingila na iya jan abin da ya kai kilo 3,500 ba tare da wata jarrabawa ba. Amma izinin doka daban, ƙarfin mota daban. Shawarar da ake ba sabon shiga ita ce kada nauyin ɗakin da kayansa ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar. Motar da ke da kilo 1,400, ke nan, kada ta ja abin da ya haura 1,190. Tasu ta shiga, da ƙyar.

Rigimar ta taso ne wurin lodi. Abin da aka yarda a zuba a ciki bai taka kara ya karya ba in an cire batir da tukunyar gas da rumfa, uwargida kuwa ta jero tukwane da turmi da galan ɗin manja. Aka ɗauko sikelin banɗaki ana auna komai. Turmi ya koma gida. Masu nauyi aka jera su a ƙasa daidai kan tayoyi, don in nauyi ya taru a baya shi ke kawo kaɗa wutsiyar nan. Da sikelin nan dai, da ɗan guntun katako a kai, aka auna nauyin da ƙugiya ke ɗora wa mota, wanda ake so ya zama kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin ɗakin.

Littafin uwargida

Ta bar ni na duba. Kuɗin sayen ɗakin, wanda shi ne ya ruɗi mutumina, bai kai sulusin abin da aka kashe ba. Tayoyi da birki da gas da ladan masani sun fi shi. Kuɗin ajiya na wata tara yana biye. Katako da gam da danƙo, wato ainihin gyaran da ya cinye watanni, su ne mafi ƙanƙanta, don ba a biya kowa ladan hannu ba. Da a ce an biya, da ya fi sauƙi a sayi lafiyayye tun farko. Har yanzu ma ban tabbata sun ci riba ta fuskar kuɗi ba sai in Kunkuru ya yi musu hutu uku ko huɗu. Na faɗa wa mutumina haka, ya ce a lissafin nawa ban sa cewa ɗansa yanzu ya iya riƙe zarto ba. Uwargida ta ce zarto ba ya biyan kuɗin ajiya.

Fitarsu ta farko a Agusta ce, zuwa kwarurukan Yorkshire, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba, a wata gona irin waɗanda ba a yarda su karɓi fiye da ɗaki biyar ba. Komawa da baya ya gagara, don in kana son ɗakin ya yi hagu sai ka fara murɗa sitiyari dama. Bayan gwaji na huɗu suka kwance shi, su biyar da wani dattijo maƙwabci suka tura shi da hannu. Gadon na mutum huɗu ne, yaron ya kwana a rumfa, abin da dama yake so.

A dare na biyu ruwa ya sauko, irin mai dukan alminiyom kamar ana watsa tsakuwa. Da asuba, kafin a yi alwala, uwargida ta shafa bangon da ke ƙarƙashin tagar gaba ta ji shi a bushe. Yaron bai yarda da hannu ba, ya ɗauko na'urarsa ya bi taswirar. Kusurwar gaba 12. Layin rumfa 13. A can baya, gefen tagar banɗaki, inda ba a taɓa taɓawa ba, ta nuna 22. Ya zagaye wurin da jan biro, uwarsa ta buɗe sabon shafi a littafi.